Ranar da Na Shiga Buhu

Faransancina na kasuwa ne, amma a Roumdé Adjia ni ake kawo wa takarda in karanta, shi ya sa kaina ya kumbura. Zamanin shugaban ƙasarmu Kamaru na farko, makarantar su 'yata Hadiza ta tara iyaye, za a shirya wasanni don neman gudummawar gyara rufin aji. Darakta yana ta zuba Faransanci, sai na tsinci kalma ɗaya: "sak". Buhu ke nan! Na riga kowa ɗaga hannu. Aka tafa, aka rubuta sunana.

Maƙwabcina Malam Buba ya raɗa mini, "Alhaji, za ka iya kuwa?"

Na ce, "Buhu ɗaya? Ai ko biyu ne."

Ranar wasan na sha babbar riga, na sa aka turo buhun shinkafa a amalanke. Darakta ya yi godiya cikin mamaki, sannan ya miƙo mini wani buhun, babu komai ciki. Na leƙa, na ce, "Shi ma in ciko?"

Ya ce, "A'a, Alhaji, shiga za ka yi."

Ashe tseren buhu na ɗauka. Kafin in gama fahimta, ina ciki har ƙugu, an jera ni da matasan iyaye huɗu. Aka busa usur. Tsalle biyu na yi, a na uku na sha ƙasa, hulata ta ci gaba da tseren ita kaɗai. Hadiza ta rufe fuska.

Har yau in na shiga layin 'yan hatsi, sai su ce, "Alhaji, na ɗauka za a ba ka, ko na sawa?"