Hannun da Ya Yi wa Surukina Daƙuwa

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Injiniyoyin Kamfanin Sabon Hannu, gwanin gwanaye, mai mayar wa dungu yatsu,

Bayan gaisuwa da fatan yatsunka goma suna nan lafiya, ni ne Manusos, manomin zaitun a tsibirin Kirit na ƙasar Girka, wanda injin matsar mai ya cinye wa hannun dama. Hannun da kuka ƙera mini yana da araha, kuma yana ɗaukar ƙwayar zaitun bai fasa ta ba. Na yaba. Sai dai ina da 'yan ƙorafe-ƙorafe, ranka ya daɗe.

Na ɗaya. Kun koya masa ladabin ƙasarku. Da na ɗaga shi ya wuce kafaɗa, sai ya ware yatsu biyar ya nuna wa mutum tafi. Ma'aikatanku sun ce wai gaisuwa ce. Duk cikin masanan nan naku babu wanda ya taɓa tare wa direba hanya a Girka, ya ga abin da ake nufi da yatsu biyar? Daƙuwa ce, ranka ya daɗe, tsagwaronta.

Na biyu. Ya yi wa Fadan cocinmu, ya yi wa ɗan sanda. Fada ya yafe.

Na uku, kuma nan zuciyata take tafasa. Dattijo Sifis ya zo nema wa ɗansa auren 'yata Argiro. Ya ɗaga kofi yana yi mana fatan alheri, ni ma na ɗaga nawa. Hannunku ya saki kofin, ya ware yatsu dab da gashin bakin bawan Allah, a gaban matarsa. Sifis ya kwashi iyalinsa ya fice. Na bi shi ina ɗaga hannu ina rantsuwa, hannun ya ƙara masa wata.

Na huɗu. Ofishinku ya ce in yi haƙuri, gyara yana tafe baɗi. Auren zai jira baɗi ne? Da ƙyar Fada ya shawo kan Sifis aka sa rana.

Argiro ta fi kowa murna ranar da aka ɗaura mini hannun nan, har ta ce da shi zan riƙe ta zuwa ƙofar coci. Jiya ta roƙe ni, kanta a sunkuye, in bar shi a gida ranar bikin. Na amsa mata, kuma ya yi mini ciwo. Zan raka ta da hannun riga a naɗe, kamar ba ku taɓa ƙera komai ba.

Duk da haka ina gayyatarka bikin. Saboda kai kaɗai zan ɗaura shi, in tarbe ka a tashar jirgin ruwa, in ɗaga shi sama sosai, ya gaishe ka yadda ka koya masa.

Naka mai biyayya har ƙasa,
Manusos Fragiyadakis