Ranar Da Na Yi Sadakar Wake a Teburin Karta

Ko tsufa zai kwashe duk abin da ke kaina, ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsayar da gidan tsofaffi cak da hannuna ɗaya ba. Ku matso ku ji.

Wancan yaron nawa (ɗan fari ne, kada ku tambaye ni sunansa) shi ya ɗauko ni daga Zariya ya kawo ni ƙasar waje, wani gari Gaithersburg, wai in huta. Hutu kuwa na sha shi har ya gundure ni. Shi yana asibiti, matarsa tana ofis, jikoki in na yi musu Hausa su amsa mini da Turanci. Sai ya samo mini wani gida da ake tara tsofaffi da rana, mota ta ɗauke ka da safe ta dawo da kai da la'asar. Can ma bakin taga na samu, ni da carbina. Mutane cike da ɗaki, amma ba wanda zan ce wa yaya aka ji da sanyi.

Ana nan ana nan, rannan sai na ji an ce, "Sannu da hutawa, Hajiya." Na waiga kamar an kira ni daga gida. Maman Bulus ce, mutuniyar Jos, 'yarta nas ce a nan. Ita ke zama a teburin da ya fi kowane tebur dariya, inda ake buga karta. Ta ce wata a cikinsu ta koma wurin 'yarta a Manassas, kujera ta faɗi.

"Ki zo ki maye gurbinta. Amma ba zan ɓoye miki ba, akwai wata mai so, kuma ita ta iya. Ni na tsaya miki, kada ki ba ni kunya."

Na ce, "Karta? Ni? Da furfurata?"

Ta ce, "Haba Hajiya, ba kuɗi ake zubawa ba, wake ne fa. Ana tashi a mayar da shi kwalba. Ko ƙosai ba a yi da shi."

Sai na ce mata ni da nake cinye maza a dara tun ina budurwa, takarda mai zane ba za ta gagare ni ba. (Wannan maganar ita ce farkon abin kunyata.)

To, ga yadda wasan yake, kamar yadda ta koya mini. Ana tara wake tsibi guda a tsakiya. A ƙarshe a raba shi biyu: rabi na mai manyan kati, rabi na mai ƙanana. Wato a wannan wasa sarki na da rabo, talaka ma na da rabo, na tsakiya ne ke tashi a tutar babu. Ta ce in na ga katina ba su yi sama ba, ba su yi ƙasa ba, in ajiye su tun da wuri, kada in bi su da wake. Ta ce kati mai ɗigo ɗaya shi ne ɗan lele, yana zama da manya yana zama da yara, in ya zo in riƙe shi da kyau. Ta ce in riƙa duban katin da ke buɗe gaban mutane. In na ga kowa ya nufi sama, ni in sulale ƙasa, hanyar da ba cunkoso.

Sai babban abu. In an gama zuba wake, kowa zai kai hannu ƙarƙashin tebur ya fito da shi a dunƙule, a buɗe tare. Hannu wofi, ƙasa kake nema. Ƙwaya ɗaya, sama. Ƙwaya biyu, duka kake so, kuma in ka faɗi gefe ɗaya ka rasa gaba ɗaya.

"Kada ki yi haɗama, Hajiya. Rabi a hannu ya fi duka a mafarki."

Na ce na ji.

Ranar gwaji na sa atamfata mai kyau. Aka raba, aka raba, sai Allah ya kawo mini mai ɗigo ɗaya, da biyu, da uku, da huɗu, da shida. Ko ni da ban yi boko ba na san ƙasa ta zama tawa. Sauran duk manyan kati ne a gabansu, suna ta hararar juna. Na gyara ɗaurin kallabi. Na dubi Maman Bulus irin duban nan na "kin gani ko?"

Aka kai hannu ƙarƙashin tebur. Abin da ya rage mini kawai in fito da hannu ba komai a ciki.

To, wanda ke fuskantata wani dattijo ne ɗan ƙasar, baƙi, dogo, gemu fari fat, ya girme ni nesa ba kusa ba. Ina ɗaga kai muka haɗa ido. Jama'a, ni tun da aka haife ni ban taɓa miƙa wa babba hannu wofi ba. Ko barka za ka, ko gaisuwa, ka riƙe wani abu, ko da goro ne ɓari guda. Kaina ya san dokar wasa, amma hannuna a gidan tsohuwata ya yi karatu. Kafin in ankara ya kai cikin waken da ke cinyata ya damƙo. Ba ɗaya ba, ba biyu ba, cike da tafi. Kuma ban tsaya nan ba: na tallafe shi da hagu, na ɗan rusuna, na buɗe a gaban bawan Allah.

Wake ya watse. Ya bi tebur, ya bi ƙasa, yana ta tsalle a kan daɓen nan mai santsi har ƙofar ɗakin cin abinci. Ma'aikaciya ta ɗaga hannu tana ihu kada kowa ya motsa, don tsoho in ya taka wake sai asibiti. Masu sanda suka ƙame, masu keken guragu suka ja birki. Wata tsohuwa da ta nufi banɗaki aka tsayar da ita a tsakiyar hanya, tana kallona kamar na kashe mata akuya. Ana ta shara, ni kuwa ina nan a rusune, na rasa yadda zan miƙe.

Aka yanke hukunci: abin da ya wuce ɗaya, duka na nema. Dattijon ya buɗe katinsa, sarakuna ne, na faɗi a sama, na rasa ƙasan da take tawa halak malak.

Maman Bulus ta kifa kai a tebur, kafaɗunta suna rawa. Na ce a raina shi ke nan, na zubar mata da mutunci, kujera ta tafi. Na fara laluben jakata.

"Ina za ki?" in ji ta, tana share hawaye. Ta juya ta yi musu bayani da Turanci. Dattijon ya saurara, sannan ya miƙe a hankali, ya dafa ƙirji, ya sunkuyar mini da kai. Ya yi magana, tebur ya kwashe da dariya.

"Me ya ce?"

"Ya ce tun da yake karta ana cinye shi, ana zaginsa, amma ba a taɓa yi masa sadaka ba sai yau. Ya ce kujerar taki ce. Waccan mai son kujerar ta iya wasa, amma ba ta ba shi komai."

Har yau ina teburin. Na ci, an cinye ni, na kuma koyi abin da Zariya ba ta koya mini ba: akwai wurin da hannu wofi ke da rabo. Sai dai in lokacin buɗe hannu ya yi, Maman Bulus takan janye wakena gabanta tukuna, wai tarbiyya ta yi mini yawa.