Sani Antardi Ya Hana Ƙosai

"…Jam, lafiya lau. Alhaji, an dawo daga ɗawafi lafiya?"

Da haka Goggo Aisatu ta tari jikanta Ɗanmalam, tun bai gama kafe mashin ba. Shekara talatin tana suyar ƙosai a bakin lungunsu a Garwa ta ƙasar Kamaru, kuma kafin hantsi kwanonta ya zama wayam, don masu mashin ɗin haya a nan suke karyawa. Yau ga rana ta take, ƙosai na nan tsibi. Tun da aka gina sabon shataletale, wanda a nan ake ce wa rompuwan, aka kafa jan allo a bakin lungun, ba mai shigowa daga titi. Abin haushin, Ɗanmalam ne mai zanen hanyoyi a ofishin gari, shi ya zana wannan da hannunsa.

"Wane ɗawafi kuma, amaryata?"

"Ina zaune ina ƙirgawa. Sau bakwai ka zaga rompuwan ɗinka kana neman ƙofar gidanmu. Saura jifan Shaiɗan, ga ni zan ara maka tsakuwa, ka jefi kanka."

"Duba aikina nake yi."

"Da harshe a waje? Wanzami ba ya son jarfa."

"Tsohuwa mai ran ƙarfe, ke da kika ga zuwan Jamus, me kika sani game da titi? A zamaninku jaki ne injiniya."

"Jaki bai taɓa ɓata hanyar gidan kakarsa ba. Bar wannan. Wane ne Sani Antardi?"

"Wa?"

"Duk mai mashin da na ɗaga wa hannu sai ya nuna jan allon nan ya ce, 'Goggo, Sani Antardi.' Ɗan gidan wa ne? Na san Sani mai nama, na san Sani na Halime. Wannan me na tare masa?"

Ɗanmalam ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

"Faransanci ne, Goggo. Sans antardi, wato ba shiga ta nan."

"To Bafaranshe ne? Ka kawo min shi. In aure yake so, in sake ka in aure shi, ya buɗe min hanya."

"Wa zai kwashi kayan tarihi? Saurara ki ƙaru. Hanya biyar ce ta haɗu a nan. Motar siminti daga Figil, motar kifi daga Lagdo, kowa ya kunno kai sai a cushe. Shi ya sa muka yi da'ira, kowa ya bi dama ya zaga. Lungunku kuwa siriri ne kamar wuyanki, ba ya ɗaukar mai shiga da mai fita. Dole ya zama fita kawai."

"Fita zuwa ina? Wa ke fita daga nan in ba ni da akuyata ba?"

Ta jawo faifai ta kife a ƙasa, ta jera ƙosai biyar a gefensa.

"Ga rompuwan ɗinka. Ga lunguna, ya miƙe har kasuwa. Da safe duk duniya kasuwa ta nufa, sai ka toshe mata baki. Ga lungun Barthélemy mai gyaran taya, shi kuma ta nan ake dawowa da yamma, sai ka ce shiga kawai. Ka sa wa hanya riga a baibai, mijin banza. Yaushe ka ƙirga masu wucewa?"

Ɗanmalam ya sosa ƙeya.

"Da yamma. Motoci na ƙirga."

"Motoci, a Garwa? Ka bar mashin dubu ka ƙirga mota goma? Da kuɗin makarantarka tunkiya aka saya, da yanzu muna da garke."

Ya tsura wa faifan ido. Gaskiya ɗaci gare ta, balle a ji ta daga bakin mai tuya. Sai ya zaro takarda daga aljihu, ya kwafi faifan da ƙosan yadda suke, ya juya kibiya biyu.

"Gobe zan kai wa shef, shugaban ofishinmu. In ya sa hannu, a cire allon nan a kai shi lungun Barthélemy. Amma zan ce ni na gano."

"Faɗi abin da kake so. Kura ma ta ce ita ta haƙa rijiya."

"Na sallama, amaryata. Kin ci."

Goggo ta ƙunshe ƙosai bakwai a takarda, ɗaya na kowane zagaye. Ya miƙa hannu, ta maƙe.

"Ba naka ba ne. Ka kai wa Sani, ka ce guzuri ne, Allah ya raka taki gona."

"Ni fa?"

Ta tsinci biyar ɗin nan da suka sha ƙasa, ta hure su, ta zuba masa a tafi.

"Ga hanyoyinka. Cinye su tun ba su ɓace maka ba."