Raƙuman da Na Saya wa Kakan Babana

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da kakata ta tsinka ni a gaban manyan masana ba. Zan ba da labarin da bakina, don kada wani ya riga ni ya ƙara masa gishiri.

Wani bincike ne na haɗin gwiwa tsakanin jami'o'in Kano, Yamai, Khartum da tamu ta nan, a kan Hausawan da suka zo hajji a ƙasa suka zauna a Madina: harshensu, al'adunsu, da yadda suka zama 'yan ƙasa. Ni aka ɗauka ɗan gari, tunda a unguwar Sih ta nan Madina aka haife ni. Kaina ya kumbura. A zamanmu na farko ni na kafe cewa duk hirar da aka naɗa ba za a yanke ko tari ba, kowa a ƙasashen huɗu sai ya ji ta yadda take. (Har da buga tebur na yi.)

Aka ba ni babi guda a kan gidanmu, wanda shi ne zai sa sunana a littafi karon farko. To, a gidanmu akwai wani tsohon Alƙur'ani rubutun hannu cikin gafaka, na mahaifin kakata. Daga wannan gafakar na gina bene. Na rubuta cewa shehin malami ne da ya baro Kano da raƙuma biyu shaƙe da littattafai. Ban tambayi kowa ba. Na dai ga ya dace da ni.

Da wani Farfesa cikin masanan ya zo daga Kano tare da Dakta Hadiza ta Yamai, suka ce sai sun ji daga bakin tsohuwa. Na kai su bayan la'asar ina taƙama. Aka kawo gahawa da dabino, Dakta ta kunna na'ura.

Farfesa ya gyara zama ya ce, "Hajiya, jikanki ya rubuta mana cewa mahaifinki ya iso da raƙuma biyu na littattafai. Ko kin san inda littattafan suke?"

Kaka ta dube shi, ta juyo ta dube ni. "Raƙuma? Wannan mijin nawa ne ya faɗa muku? Ya waladi, ɗan nan, ai mahaifin nawa shi ne raƙumin. A kansa ya ɗauko kayansa, sai da ya yi shekara bakwai yana cirar auduga a Sudan kafin ya ƙetaro. Da ya zo nan ga-ruwa ya yi, garwa biyu a sanda, gida-gida. Kantar kafaɗarsa har ya rasu ba ta baje ba."

Na yi ta ƙifta mata ido. Ta ce, "Esh fik, me ke damunka? Wani abu ya faɗa maka a ido ne?"

Farfesa, bawan Allah, ya so ya rufa mini asiri. "To Alƙur'anin fa, Hajiya?"

"Wani alhaji ne ya bar masa amana, bai dawo ba. Khalas, shi ke nan."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Dakta Hadiza ta kafa kai a littafinta tana rubutu, amma kafaɗunta rawa suke yi.

A mota, muna cikin cunkoson titin Sultana, na yi ƙasa da murya na ce ko za a ɗan rage wancan wurin. Farfesa ya ce, "Malam, wa ya buga tebur?" Kafin mako ya zagayo hirar ta kai ko'ina, har wani abokin aikinmu na Khartum ya kawo shawarar a cire babin nawa gaba ɗaya.

Nan fa raina ya ɓaci. Ƙarya na yi, na yarda, kuma na ji kunyarta. Amma a cire mutumin da ya tako daga Kano da ƙafarsa saboda wautar tattaɓa-kunnensa? Na ce ba inda babin zai je. Na koma wajen Kaka na zauna a ƙasa kwana biyar, tana faɗa tana yi mini tsiya ina rubutawa. Sabon babin ya fi na farko nesa ba kusa ba, kuma a shafinsa na farko na rubuta ƙaryar da na yi da hannuna. Suka karɓa.

Har yau a wajen taro akwai masu ganina su tambaye ni lafiyar raƙuma. Su yi ta yi. Ni tattaɓa-kunnen ga-ruwa ne, mutanen garin Manzo sun sha ruwa daga kafaɗarsa, wanda kakansa ya ɗauki abin da ya fi wannan ya fito mu gani. Abin da dai na koya shi ne, in za ka yi wa zuriyarku ado, ka tabbata babu tsohuwa mai rai a gidan.