Katin Hoto ko Faifan Kawu

"...lafiya lau, sai dai ganin ki da safe ya ɗan rage mini lafiyar," in ji Na-Goggo, yana turo ƙofar shagon da ƙafa, ya rungumo kwamfutarsa kamar mai kai jinjiri asibiti.

'Yar Kawu ba ta ko ɗaga kai daga allon kwamfutar da take wa liƙi ba. Taubashiyarsa ce, 'yar ƙanin mahaifiyarsa, mai gyaran kwamfuta. Shagon nata kuwa in ka yi atishawa a ciki sai wayoyi bakwai sun faɗo maka a ka.

"Bawana ya iso. Ajiye gawar a can, ka share mini teburi."

"Wa ye bawanki? Da kuɗina na zo. Wata huɗu ina taka keken ɗinki har ƙafata ta koyi tafiya ita kaɗai cikin barci. Katin hoto na kwamfuta nake so, irin mai fanka uku, wanda in motar wasa ta wuce sai ƙura ta shiga maka ido."

"Nuna kuɗin."

Ya nuna. Ta leƙa, ta sake leƙawa.

"Wannan zai sayi fanka ɗaya daga cikin ukun. Sauran biyun sai ka tsaya kana fifita da hularka."

"Akwai na hannu, ai na tambaya. Kada ki cuce ni, jinin cuta gare ku ta wajen uwa."

"Ta wajen uba kuma mun haɗa da kai."

Ta jawo kwamfutar. Akwatin nan ya girmi rabin 'yan layin. Kawu ne ya sayo ta tun suna firamare, wai don lissafin shagonsa, su kuwa suka mai da ita filin tseren mota. Da Allah ya yi masa rasuwa Na-Goggo ya ɗauke ta. Shi ya ce ba shi aka yi, ita ta ce ta taga ta ga ya fita da ita. Cikin shekarun nan ya canza mata komai guntu-guntu, sai akwatin da tsohon faifan ajiya kawai suka rage.

Ta kunna. Can ciki wani abu ya ce ƙas, ƙas, ƙas.

"Ka ji?"

"Gaisuwa ce. Ta gane ki."

"Faifan ne ke shure-shuren mutuwa. In ya kai sati biyu, ni ce baiwarka. Kuɗinka abu ɗaya za su saya, malam tela: ko sabon faifai in kwashe komai in zuba, ko katin ƙurarka."

"Kati! Faifai ya mutu mana. Me ke ciki? Wasanni ne, a sake saukewa."

"Har tseren motar?"

Na-Goggo ya sosa ƙeya. Wannan tsohon wasan ko a intanet an daina ganinsa, shi kansa ya fi shekara goma sha shida bai buɗe ba.

"Na gane," ya ce. "So kike a adana shi don ki riƙa yi wa jikokinki ƙaryar kin taɓa cin na ɗaya. Ni ne sarkin wasan nan. Da hannu ɗaya nake tuƙi, ɗayan ina kare ƙeya daga ranƙwashin Kawu."

"Kai? Kai da kullum motarka a cikin kogi take? Har kifayen wasan sun san lambarka."

"Ke ce kike zare mini waya in na kusa ci!"

"Kai kuma ka zauna a kan madannin don kada layi ya zo kaina. Har yau harafi biyu ba su dawo hayyacinsu ba."

"To buɗe a gani. In sunana ne a sama, ki ba ni kati ki ƙara da ban haƙuri."

Ta buɗe. Kiɗan nan mai kama da kukan sauro ya tashi, sai ga Na-Goggo a tsohon falo: kujerar roba mai karyayyar ƙafa, labule mai zanen agwagi, da muryar Kawu daga ƙofa, "Ku kashe mini abin nan, ba don shirme na saya ba!"

Jerin gwanaye ya fito. Na uku, 'Yar Kawu. Na biyu, Na-Goggo. Ya buɗe baki zai yi ihu, sai idonsa ya hau sama. Na ɗaya an rubuta MAI GIDA, da tazarar daƙiƙa tara cur.

"Wane ne kuma wannan? Ke kika shirya!"

"Duba kwanan wata. Shekarar da ka tafi koyon ɗinki ce, ranar Talata, ƙarfe goma na safe."

"Kawu?"

"Baba. Ciwon kai ya dawo da ni daga makaranta, na same shi ya ture hula gefe, ya ciji leɓe, yana karkata jiki duk inda motar ta karkata. Da ya gan ni ya ce lissafi yake dubawa."

"Mutumin da ya ce wasa na lalata ƙwaƙwalwa!"

"Ya saya mini alawa ya ce in rufe baki. Shekara goma sha shida ina riƙe da shi."

"Tun da nake ban taɓa jin kin riƙe magana ta kwana ba."

"Alawar babba ce."

Na-Goggo ya yi dariya har ya dafa teburi, sannan ya juya wai ƙurar shagon ce ta shiga masa ido. Faifan ya sake cewa ƙas, ƙas. Na-Goggo ya zabura kamar an tsikare shi da allurar kekensa.

"Ke, kashe ta! Kada ya ƙarasa a hannunmu. Ina sabon faifan?"

"Katin fa? Mai fanka uku?"

"Ya jira. Ƙafata ba ta gaji da keke ba."

Ta karɓi kuɗin, ta jawo aljihun teburi, ta ciro wani katin hoto na hannu, mai fanka ɗaya, ta hure shi ta ajiye a gabansa.

"Ungo. Ya fi naka sau biyu. Sadaka ce, don kada a ce bawana na yawo da tsumma. Amma da sharaɗi: kada ka kuskura ka sauke Baba daga saman nan."

Na-Goggo ya kalli daƙiƙa taran nan, ya jinjina kai.

"Ko da hannu huɗu aka ba ni, ba zan kamo tsohon nan ba."

"Alhamdu lillahi," in ji 'Yar Kawu, tana miƙa hannu ga sukundireba. "Yau dai an ji gaskiya daga bakin ɗan Goggo."