Nomau da Ƙofa ta Tamanin

A Tungar Gawo kowa ya san gidan Nomau. Daga shi sai matarsa Lantana, sai jaki guda da ya fi maigidan sanin hanya. Nomau ba ya sata, ba ya ƙarya, amma duk maganar da aka gaya masa ɗanya yake haɗiye ta. Don rashin satar nan manoman rani suka ba shi makullin ɗakin famfo. Ni gwaggonsa na ce kada su ba shi, ba su ji ba. Famfon na sola ne, shi ke shayar da tumatirin gari kaf. Akwai kwamfuta a ɗakin, kuma daga Kano Injiniya Ashiru yake shiga cikinta ta intanet yana sarrafa famfon.

Wata rana famfo ya tsaya cik, tumatir kuwa yana tsakiyar fure. Injiniya yana kwance da karaya a ƙafa, ba halin zuwa. Ya kira Nomau a waya ya ce, "Ina son shiga, na kasa. Sai an buɗe min ƙofa." Su injiniyoyi a wurinsu ƙofa ita ce mashigar da saƙo ke bi cikin na'ura, kowace da lambarta. Nomau ya wangale ƙofar ɗaki, ya share, ya shimfiɗa tabarma, ya sa Lantana ta dama fura. Da la'asar ya kira: "Injiniya, kana ina? Fura ta fara tsami." A fadama ganye ya fara lanƙwasa.

Wata rana, bayan dogon bayani, Injiniya ya ce, "Ba ta ɗaki ba. Ƙofa ta tamanin nake nufi." Kafin ya ƙarasa, Nomau ya jefa waya aljihu. Ya bi gari gida gida yana ƙirga ƙofofi, har da ta masallaci da ta banɗaki. Ta tamanin ta faɗo kan garken awakin Malam Jatau, ya buɗe. Awaki suka nufi fadama a guje. Abin da rana ta rage a gonar bakin hanya, su suka ƙarasa.

Wata rana ƙasa ta fara tsagewa, maza suka taru a bakin ɗaki ba mai dariya. Injiniya ya ce a waya, "To, na'urar, ka kashe ta, ka sake kunnawa." Nomau ya fita, ya dawo da gatari a kafaɗa, ashana a hannu. Ni na riƙe ƙotar gatarin.

"Gwaggo, sake ni, aiki aka sa ni."

"In ka sare ta, kai zan kunna."

Lantana ce ta danna maɓalli. Na'ura ta mutu, ta tashi, famfo ko motsi.

Wata rana, ranar da tsofaffin manoma suka ce in ruwa bai zo ba a haƙura da bana, Injiniya ya yi ta gwadawa har muryarsa ta dushe. Ya ce, "Ko dai wata manhaja ce ta zauna a ƙofar ta tare? Sai an kore ta." Nomau ya leƙa. A bakin ƙofa kuwa Hajiya Kande ce zaune a inuwa, matar mai gari, tana sayar da zoɓo.

"Hajiya, tashi. An ce a kore ki."

Hajiya ta miƙe, ta riƙe ƙugu.

"Ni? Kai Nomau, ka san da wa kake magana?"

"Na sani. Ke ce a ƙofa."

Ya sunkuci ƙaramin firjinta. Wayar firjin ta biyo shi ta taga, ta fizge daga soket. A ƙasa kuwa ga filogin akwatin intanet a yashe. Ashe tun da zafi ya shigo ta zare shi ta sa nata, don zoɓo ya yi ƙanƙara. Maza biyu suka sunkuyar da kai, na gane sun daɗe da sani. Lantana ta mayar da filogi, fitila ta yi kore. Can sai muka ji famfo ya yi tari, ruwa ya kama hanya.

Hajiya ta kai ƙara, mai gari ya zo da sanda. Sai dai hanyarsa ta bi ta gonarsa, ya ga ruwa na shiga kunyoyin tumatir. Ya tsaya ya dubi ruwan, da ya iso ya dubi matarsa.

"Kande, a nemi wata inuwar."

Nomau ya ce, "To, ranka ya daɗe," ya kama hanyar daji neman inuwa.