Kumbon da Ya Faɗo a Gonarmu

Abubuwa da yawa sun fara zame mini a kai, amma ba zan taɓa mantawa da damunar da na hana gidanmu shuka saboda kumbo ba. A ƙauyenmu da ke gefen Toranke har yau akwai masu kirana Ɗan Sama Jannati, kuma ina amsawa, don na gane ƙin amsawar ya fi jawo dariya.

Karatuna bai wuce firamare ba, sai na allo. Amma ni mutum ne mai son rediyo. Gona da ita nake zuwa, kasuwar Gaya da ita, har matata Rabi, Allah ya jiƙanta, takan ce da rediyon nan tana cin tuwo da ita za a fara zuba wa kafin ni. Duk labaran duniya ina saurara, amma na sararin samaniya su ne ke tsayar da ni da loma a hannu.

A shekarar, manyan ƙasashe na ta rige-rigen komawa duniyar wata, kowace tana son ta riga 'yar'uwarta kafa tuta. Sai aka wayi gari ana cewa ɗaya daga cikinsu ta harba wani ƙaton kumbo, kuma gangar jikinsa za ta dawo ƙasa, ba wanda ya san inda za ta faɗa. Wata ƙasar ta ce wannan ganganci ne. Mai kumbon ta ce ku ma haka kuke yi, ba wanda ya yi muku magana. Masana suka ce mai yiwuwa a teku zai faɗa. (Maganar tekun na ji ta sarai, amma na ajiye ta gefe, don ba ta yi mini daɗi ba.)

A teburin mai shayi ni ne mai fashin baƙi. Wasu su ce duk ƙarya ce, a ɗaki ake ɗaukar hoton. Wasu su ce mai kuɗin zuwa wata ya fara zuwa ya gyara mana hanya tukuna. Ni kuwa in gyara zama in ce, “Ku dai ku riƙa duba sama. Abin nan ba ya aiko goron gayyata.”

Gona ɗaya muke nomawa ni da yayana Sale, wadda mahaifinmu ya bar mana. Gida biyu ke ci daga rumbu ɗaya. Maƙwabta da yawa sun yi binne, wato sun zuba iri a busasshiyar ƙasa suna jiran ruwa, amma Yaya ya ce irinmu kaɗan ne, ba za mu yi caca da shi ba, sai an yi ruwan kirki. Ruwan kuwa ya zo wata ranar da la'asar, da iska da tsawa, irin wanda ke sa manomi kwana da murmushi. Kowa ya san ƙa'idar: laimar ruwan farko ba ta jira. In ka shuka a kanta ka shiga sahu, in ta bushe sai ka zauna jiran wani hadarin, wanda ba ka san ranarsa ba.

Da sassafe muka fita, Yaya da sungumi a kafaɗa, ni da ƙwaryar iri da rediyo. Muna isa bakin gonar ta wajen hanya, na gan shi. Wani abu baƙi ƙirin, mai siffar ganga, rabinsa ya nutse a taɓo. Sandar ƙarfe ta leƙo ta kowane gefe, ga wata 'yar ƙofa mai sakata a jikinsa. A bayansa ƙasa ta tsage, kamar an jawo shi da ƙarfi.

Yaya ya nufe shi da sungumi zai ƙwanƙwasa. Na riƙe masa hannu.

“Kada ka taɓa, Yaya.”

“Mene ne?”

“Shi ne. Wanda aka ce zai faɗo.”

Ya dube ni, ya dubi abin. “Duk faɗin duniyar nan bai ga wurin sauka ba sai gonar marayu?”

Na nuna masa baƙin jikin, na ce wutar shigowa ce ta ƙona shi. Na nuna masa tsagar ƙasa. Na ɗan jingina hannun rigata a jikinsa na ji ɗumi, na ce ka ji, bai ma gama hucewa ba. (Rana ta fito a lokacin, kuma baƙin ƙarfe ne. Wannan lissafin bai zo mini ba sai daga baya.)

“To mu mirgina shi gefe mu yi shuka,” in ji Yaya.

A nan ne na faɗi maganar da ta gama da shi. Na ce man da ke cikin irin waɗannan abubuwa guba ne, kuma ruwan jiya ya wanke shi cikin ƙasa. In gero ya sha, yaransa ne za su fara ci. Yaya mutum ne da ba ya tsoron maciji, amma in ka ambaci yaransa sai jikinsa ya mutu. Ya sauke sungumin a hankali.

“Laimar nan fa ba za ta kai mu jibi ba,” ya ce.

Na ce a bari hukuma ta zo ta auna ƙasar tukuna. Muka sari ƙayar magarya muka kewaye abin, na je na shaida wa mai unguwa, shi kuma ya ce zai kai maganar gaba.

Da na koma gida, Rabi na tankaɗe a tsakar gida. Ta karɓi ƙwaryar irin, ta ga a cike take kamar yadda ta fita. Na ba ta labari tiryan-tiryan. Ta saurara ba ta katse ni ba, sai dai na ga tana ɗan jan hanci.

“Malam, ka biya gidan masu ƙuli ne?”

“Wane ƙuli kuma?”

“Hannun rigarka ƙanshin soyayyiyar gyaɗa yake.”

Na shinshina. Gaskiya akwai ƙanshin. Na ce mata man kumbo ne, haka warinsa yake.

“Ikon Allah,” ta ce. “Ashe su ma da man gyaɗa suke tashi.” Ta ajiye rariyar. “Ka bari in je in leƙa mana, ko daga nesa.”

A lokacin tana da juna biyu. Na ce ko hanyar gonar kada ta bi. Ta ce to, ta ci gaba da tankaɗenta.

Kafin azahar labari ya kai Ajingi. Mutane suka yi ta zuwa a mashin da keke da ƙafa. Mai shayi ya ɗauko teburinsa ya dasa a gindin kukar da ke iyakarmu. Masu awara suka jera a hanya. Duk laimar da muke taƙama da ita aka tattake ta. Ni kuwa ina tsaye a bakin ƙaya da rediyo a wuya, ina maimaita bayani ga duk wanda ya iso. Ban taɓa jin ana sauraro na haka ba, kuma ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi. Yaya yana can gefe a tsugune. Lokaci zuwa lokaci yakan ɗebi ƙasa ya murza a tafin hannu, ya watsar.

Washegari sai ga Onarabul Sabo. (Bai ci zaɓen komai ba a lokacin, kansila yake nema, amma sunan ya riga kujerar zuwa.) Ya zo da magoya bayansa, kowa da waya a ɗage. Ya tsaya gaban ƙayar ya gyara hula, ya ce wannan ƙasar da ta jefo mana ƙarfe dole ta biya diyya ga duk mazaɓar, ba gona ɗaya ba. Ya ce masu mulki suna barci ana jifan talakawa daga sama. Wani ɗan jam'iyya mai mulki ya ɗaga murya daga baya, ya ce ai albarkacin mulkinsu ne har ƙasashen waje suka san da zaman Toranke. Aka yi ta musu, har aka fara gardamar ko kumbon na mazaɓarmu ne ko na ta kusa, tunda ta wajensu ya biyo.

Sai Onarabul ya dafa kafaɗata, ya ce, “Ga masaninmu nan. Malam, yi wa duniya bayani.”

Wayoyi suka juyo kaina. Na gyara murya. Na ce wannan sandar ƙarfen da ita yake magana da masu shi. Na ce 'yar ƙofar nan nan ne ƙwaƙwalwarsa take, kuma duk wanda ya buɗe ba tare da safar hannu ba, ba ruwana. Ina cikin bayanin yadda wuta ke cin ƙarfe a sama, sai na ji ƙarar amalanke a bayan taro, da muryar wata tsohuwa tana cewa a ba ta hanya.

Gajeriya ce, da sanda, zaninta duk tabon mai. Daga baya na san sunanta Iya Tabawa, mai ƙuli-ƙuli ce daga Gafasa. Ta ratsa mutane har gabana, ta dubi ƙayar.

“Wane mai aikin ne ya yi wa gangata shinge?”

Na ce, “Iya, matsa baya, akwai guba.”

“Guba a ina, ɗan nan? Shekara nawa ina suya da ita.”

Ta sa sandarta ta ture ƙayar. Ta durƙusa, ta zare sakatar ƙwaƙwalwar kumbo, ta zura hannu har gwiwar hannu. Ta fito da ragowar gyaɗa, ƙonanniya, ta jiƙe. Ta hure ɗaya ta jefa a baki.

“Ta sha ruwa,” ta ce.

Gangar suyar gyaɗa ce, irin wadda ake ɗorawa a kan wuta ana juyawa da hannu. Hannun ne ya karye, ta ba mai amalanke ya kai mata wajen mai walda a Gaya. Hadari ya riske shi a hanya, ƙafar amalanken ta kafe a taɓo, ya turo gangar cikin gonarmu don shanunsa su iya fita, da niyyar dawowa in hanya ta sha iska. Ruwa ya shafe sawun. Shi ke nan labarin.

Da farko ba wanda ya yi dariya. Shirun ya fi dariyar ciwo. Sai mai shayi ya fara, daga nan wuri ya ɗauka, har da masu riƙe ciki. Onarabul ya janye hannunsa daga kafaɗata kamar ya taɓa garwashi, ya dubi wayoyin ya ce shi dama tun zuwansa ya yi shakka, kuma in aka zaɓe shi kowace mai ƙuli a mazaɓar za ta samu sabuwar ganga. Aka tafa masa. Shi ko a nan ma sai da ya ci riba.

Iya Tabawa ta taɓa ni da sanda. “Kai mai rediyo, tunda ka yi mini gadi, kama mu ɗora.”

Haka na ɗauki kumbon a gaban jama'a, ni da mai amalanke, baƙin tukunya ya shafe mini gaban riga.

Ƙasa ta riga ta bushe. Muka zauna jiran wani ruwan, shi kuma ya yi nawa. Lokacin da geron maƙwabta ya kai gwiwa, namu yana leƙowa. A kakar rumbunmu bai cika ba, kuma kafin wata damunar sai da gida biyu suka rage awo. Yaya bai taɓa yi mini gori ba. Abu ɗaya ya ce, ranar da muke ɗaure dammunan da ba su da yawa: “Baɗi in wata da kansa ya faɗo gonar nan, shuka za mu yi a gefensa.”

Amma ranar gangar nake son in ƙarasa muku. Na daɗe a bayan gari kafin in iya shiga gida. Na tarar labari ya riga ni. Rabi ta dubi rigata, ta karɓa ta jiƙa a bokiti. Ta kawo mini tuwo. Da na gama, ta ajiye wani ɗan kwano a gabana, ta koma gefe tana gyara ɗankwali. Na buɗe. Soyayyiyar gyaɗa ce.

“A ƙara mai, Malam,” ta ce. “Tafiyar da nisa.”

Na so in ɓata rai, ban iya ba. Muka yi ta dariya har sai da ta riƙe cikinta tana cewa in bari haka nan.

Daga ranar, duk lokacin da rediyo ta ambaci wata ko kumbo, ko tana madafi sai ta leƙo. “Ƙara murya, Malam, mutanenka ne.” Shekara da shekaru ba ta fasa ba. Yarinyar da ke cikinta a lokacin ta taso tana jin maganar, ta ɗauka da gaske ina da dangi a can.

Rabi ta rasu bara, bayan gajeriyar jinya. Kwanakin baya na ji ana cewa sun sake shirin tura mutane wata, ana ta cacar baki kan wa zai riga wa, har da batun mu ma za a tura ɗan ƙasarmu sama. Na kai hannu na ƙara murya da kaina. Sai na tsaya ina jiran a leƙo daga madafi.

Na bar rediyon a kunne har labarin ya ƙare.

Abin da na koya ba shi da yawa. In abu ya faɗo maka daga sama, kafin ka tara jama'a, ka kai hannun rigarka gida a shinshina. In kuma mai shinshinawar ta ce a bari ta leƙa, ka bar ta ta leƙa, tun tana nan.